Waƙar Bawa Mai Dungu

A Jidda ba a hura wuta don sanyi. Wanda ya zauna nan ya sani, ko rana ta faɗi iskar teku kamar tururin tukunya take. Amma kakata, Hajiya Ladi, ba ta yarda magariba ta wuce ba ta hura gawayi a kasko ba. A kan rufin gidanmu na unguwar Kurayyat take yi, wurin shanya, tsakanin tankin ruwa da tulin katifun da suka mutu. Ta soya 'ya'yan gahawa, ta daka da citta, ta zuba a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ta zo da ita daga Sudan. Sauran garwashin ta barbaɗa masa turare saboda sauro. Mu jikoki mu kewaye ta, zufa na bin gadon bayanmu, muna jiran ta buɗe baki.

Tana amarya ta bar ƙasar Hausa, ita da mijinta, da niyyar hajji. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga. A can aka haifi Baba, a can mijin ya rasu. Ta ƙetaro teku ta sauke farali, ba ta koma ba. Baba da ya girma ya samu kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa, ya samu iƙama, katin izinin zama, yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, inda ni ma daga baya na je na karya nawa bayan. Ita kuwa Kaka ko takardar naɗe tsire ba ta da ita. Kowa a gidan ya san abin da wannan ke nufi. In masu kame suka same ta, sai jirgi, a mayar da ita ƙasar da babu sauran mai tuna sunanta. Shi ya sa ba ta sauka titi sai ta kama dole. Rufin nan shi ne garinta.

In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ba takalmi, ba takarda."

Mu ce, "Ta shigo, ba ma tambaya."

Ni nake zama kusa da ita, don ni ne babba. Ta ce, "Matso, mijina. Mijin banza, ba ya kawo cefane sai kunnuwa."

Tatsuniyoyinta da yawa na manta su. Na kura da biri, na yarinyar da ta bi ƙwarya cikin kogi, duk sun bi iska. Ɗaya ce ta zauna mini, kuma ita ce ba ta cika yi ba. Sai zafi ya kai maƙura, lokacin da a ƙasar Hausa ake duban gabas ana jiran ruwan farko, sannan take ɗauko ta.

Wai an yi wani gari bayan duwatsu da aka kewaye da waya, garin da ba a zuwa ziyara. Mutanen cikinsa ciwo ya cinye musu yatsu. In yatsa ya rabu da mai shi, sai a naɗe a tsumma a kai bayan gari a binne, kusa da kaburbura. Akwai wasu baƙi farare da ke ba su magani. Baƙin sun zo da akwatin kiɗa da ake takawa da ƙafa, da waƙoƙin ƙasarsu da aka juya zuwa Hausa. Waƙoƙin suka ƙi zama a baki. Inda magana ke hawa, nan muryar waƙar ke sauka, kamar mutum ya sa takalmin wani. Ga littafi an raba musu, babu yatsan buɗe shafi.

A garin akwai wani mutum, Bawa, wanda kafin ciwo ya kama shi makaɗin gurmi ne. Yanzu hannuwansa biyu dungu ne. Ya ce wa baƙin su bar shi ya yi wa mutanensa tasu. Ba shi da abin kaɗawa, sai ya dinga zama bayan danga yana sauraron mata suna daka. Matan garin ɗaure taɓarya suke yi a wuyan hannu da tsumma, don haka dakansu ba ya sauri: bugu biyu, a huta, bugu biyu. Nan ya ɗauko kiɗansa. Muryar waƙar kuma ya ajiye ta ƙasa-ƙasa, ba hawa mai tsawo, don ciwon har maƙogwaro yake ci, kuma ba ya so a bar kowa a baya. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, duk garin su fita da asuba zuwa maƙabarta, masu rarrafe da masu sanda, su tsaya a kan kaburbura su rera, suna buga dungu a kan dungu.

A nan Kaka take dunƙule hannuwanta biyu ta haɗa su. Ba tafi ba ne. Wani sauti ne mara amo, ɗum ɗum, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ƙasa. Sai ta rera:

*Dutse ya gangara, rami ya zama wofi,*
*mm-mm ya tashi, mu ma za mu tashi.*
*Ƙasa, riƙe mana yatsunmu,*
*ajiya muka ba ki, ba kyauta ba.*

Ta ce waƙar murna ce. Ta ce mata guɗa suke yi, tsofaffi na dariya da hawaye, wanda bai taɓa rawa ba ranar yana yi. Mu dai tsigar jikinmu tashi take. Ƙanwata takan cusa yatsunta cikin hammata.

"Sai me, Kaka?"

"Sai gari ya waye, kowa ya koma ɗakinsa."

"Yatsun sun fito?"

"Ba a kai ranar ba tukuna."

Na taɓa tambayarta me ya sa take rufe baki a tsakiyar waƙar ta yi mm-mm. Ta ce, "A daidai wurin haƙorina ya faɗi. Sha gahawarka."

Yaro ba ya ajiye waƙa a ciki. Na kai ta lungu. Muna buga ƙwallon tsumma bayan la'asar, duk wanda ya ci sai mu dunƙule hannu mu yi masa ɗum ɗum, ƙasa riƙe mana yatsunmu. Har 'ya'yan Yamalawa da ba sa jin Hausa suka iya. Muna cikin haka wata rana na ji an dafa kafaɗata.

Alhaji Sale ne. Dattijo ne ɗan ƙasarmu, dogo, farin tufa kullum a goge, yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a ƙarshen lungu. Ba a san sana'arsa ba. An dai san yana shiga ofisoshi yana fita, kuma ana raɗe-raɗin cewa in ya yi fushi da gida, ba a jimawa motar masu kame ta tsaya a ƙofar. Ko gaskiya ne ko ƙarya, manya har ƙasa suke gaishe shi.

Ya ce, "Ya walad, kai yaro, wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Kakata."

"Hajiya Ladi?"

"E."

Ya dubi hannuwana da ke dunƙule har yanzu. Ya sake ni ya wuce.

Da Baba ya dawo na ba shi labari ina jin daɗi, wai babban mutum ya yi mini magana. Yana cire takalmi ne. Ya tsaya da ɗaya a hannu. Ya haura rufi, na bi shi, bai ma lura da ni ba.

"Inna, kin kashe mu."

"Wa ya mutu?"

"Ban ce ki bar waƙar nan ba? Tun ina yaro nake roƙonki. Waƙar coci, Inna! A garin nan! Yanzu tana bakin kowane yaro a lungu, kuma Sale ya ji."

Kaka ta ci gaba da fifita gawayinta. Ta ce, "Na yi kalmar shahada kafin a haife ka. Salla ba ta taɓa wuce ni ba. Na taka Arfa da ƙafar nan."

"Wa zai tambaye ki? Cewa kawai zai yi akwai tsohuwa ba takarda, Kirista ce ta ɓoye, har Makka ta shiga. Halas. Ke jirgi, ni iƙamata ta tafi, yaran nan titi."

"Uba uba ne, Musa. Ban gaji gona ba, ban gaji akuya ba. Abin da ya bar mini ke nan."

A nan na gane ba tatsuniya ba ce. Garin waya asibitin kutare ne na mishan. Asubar da suke fita ita ce ta Ista, ranar da Kiristoci ke cewa Almasihu ya tashi daga kabari. Bawa mai dungu mahaifinta ne, ita ce 'yar da ciwon ya tsallake. Abin da take haɗiyewa a tsakiyar waƙar sunan Almasihu ne. Ni kuma da bakina na kai ta kasuwa.

Washegari bayan magariba muka ji takun mutum a matakala. Alhaji Sale ya yi sallama, ya ce ƙamshin gahawa ne ya jawo shi. Baba ya shimfiɗa masa darduma. Ya zauna can gefe, inda hasken garwashi ba ya kai fuskarsa sosai.

"Hajiya, ku ci gaba. Ni ma yaro ne yau."

Kaka ta yi mana ta kura da biri. Ba wanda ya yi dariya.

Ya dawo washegari. Ya sake dawowa. Ya zama kullum. Ba ya zagi, ba ya barazana, ya sha gahawa kofi biyu ya yi godiya. Sai dai kafin ya tashi yakan jefa tambaya ɗaya, kamar mai jefa tsakuwa a rijiya yana sauraron zurfinta.

"Hajiya, wane gari kika ce ku ke a can gida?"

"Na manta, Alhaji. Tsufa."

"Mahaifinki malami ne?"

"Manomi ne."

"Takardarki kuwa ta fito? Na ji an tsananta kwanakin nan."

"Tana hannun Allah."

Baba ya daina cin abinci. Tuwo ya zo ya koma. In mota ta rage gudu a bakin lungu sai ya miƙe tsaye. Ya haɗa wa Kaka 'yan tufafinta a jaka ya ajiye bayan ƙofa, ya yi magana da wani abokinsa a unguwar Sharafiyya ko za a ɓoye ta can. Ta ce ba inda za ta. Ta ce ta gaji da tafiya tun kafin a haifi mai ɗakin. Ni kuwa na hana yaran lungu waƙar da duka, amma waƙa in ta fita ba ta komawa. Ina kwance sai in ji wani yaro can nesa yana ɗum ɗum a jikin ƙofar ƙarfe.

Ran nan Alhaji Sale ya ajiye kofinsa ya ce, "Hajiya, akwai wadda yara ke yi a ƙasa. Ta masu yatsu. Ita ce ban ji daga bakinki ba."

Baba ya ce, "Shirmen yara ne, Alhaji. Daga rediyo suka..."

Kaka ta ce, "Musa, uskut, yi mana shiru." Ta jawo kaskon gabanta, ta hura shi har ya yi ja, ta tura shi tsakiyar tabarma, kusa da baƙon. Yanzu kowa na ganin fuskarsa. Ta ce, "Tunda ka roƙa."

Ta yi ta daga farko, ba ta rage komai ba. Waya, baƙi farare, akwatin kiɗa, taɓarya ɗaure a wuyan hannu. Baba ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Da ta zo waƙar ta dunƙule hannu ta fara, a hankali fiye da yadda ta saba, idonta a kan Alhaji Sale.

*Dutse ya gangara, rami ya zama wofi...*

Ta rufe baki a wurin da take rufewa. Ni ina kallonsa, don tsoro ya hana ni kallon wani wuri. Leɓɓansa suka motsa. Ba murya, amma sun faɗi abin da ta haɗiye, daidai a kan bugun. Hannuwansa kuma, masu yatsu goma cif, suna dunƙule a kan gwiwa, ɗaya na taɓa ɗaya.

Kaka ta tsaya.

"Alhaji, yara ba su san abin da ke wurin nan ba. Ban taɓa faɗa musu ba. Ko ɗana bai sani ba."

Hannuwansa suka tsaya cak.

"Waƙar nan ba a yin ta a kasuwa. Ba ta cikin littafi, don mai ita bai iya riƙe alƙalami ba. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a cikin waya. Wanda ya san ta, ya tsaya a maƙabartar nan da asuba." Ta zuba masa gahawa. "Wa kake da shi a can?"

Can muka ji ana gwada lasifikar masallaci don isha. Ya buɗe hannuwansa ya dube su kamar na aro ne.

Ya ce, "Uwata."

"Sunanta?"

Ya faɗa. Kaka ta gyaɗa kai. Ta ce, "Mai ɗaki kusa da rijiya. Tana da murya."

"Ina ƙarami aka fitar da ni, kawuna ya ɗauke ni. Ba a bar ni na koma ba." Ya ɗago kai. "Akwai saura, Hajiya. Na san akwai saura bayan ajiya. Shekara da shekaru ina nema a kaina, ba ya zuwa."

Ta rera masa sauran. Baiti ne a kan masu rarrafe za su riga masu doki isa, da uwa za ta ɗauki ɗanta da hannunta ba da haƙori a bakin zane ba. Sau ɗaya na ji shi, ban riƙe duka ba. Alhaji Sale ya saurara idonsa a rufe. Da ta gama ya tashi, ya bar gahawar, ya sauka yana dafa bango.

Kaka ta ce, "Halas. Kwance jakar nan. Wannan ba mai kai ƙara ba ne, maraya ne. Bai san yadda ake roƙo ba, sai ya zo da tsoratarwa."

Baba ya ce, "Inna, mutumin da aka ga tsiraicinsa ya fi kowa haɗari. Da yana da abu ɗaya a kanmu. Yanzu ya san muna da ɗaya a kansa. Kina ganin zai yi barci?"

"Zai yi, in ka bar shi."

Bai sake hawowa ba. A masallaci ya daina tsayawa sahun da Baba yake. Na gan shi sau ɗaya a bakin shago, ya kalle ni kamar zai yi magana, sai ya juya. Baba bai kwance jakar ba.

Ba a daɗe ba mota ta zo. Da rana tsaka ta zo, muna lungu. Yara suka watse, mata suka ja ƙofofi, ni na ruga zan hau in gaya wa Kaka ta shiga bayan tanki. Amma motar ba ta tsaya a ƙofarmu ba. Ta wuce gidanmu, ta wuce gidajen da kowa ya san cike suke da marasa takarda, ta tafi kai tsaye ƙarshen lungu. Ƙofa ɗaya suka buga. Suka fito da Alhaji Sale da silifas, ba hula. Ashe shi ma tasa takardar ta mutu tun tuni. Shiga ofisoshin nan duk neman gyara yake yi. Farin tufan da gugar ne kawai suka riƙe shi shekaru. Bai yi gardama ba. Da zai shiga motar ya ɗaga kai ya dubi rufinmu. Kaka na tsaye a wurin, ba ta ɓuya ba.

Da yamma Baba ya dawo. Aka gaya masa, ya ce, "Allah ya kyauta." Aka kawo tuwo. Ya cinye tas, ya side kwano, ya ce a ƙaro. Rabonsa da haka tun ranar da na kawo masa labari. Kaka na zaune tana kallon kowace loma.

Ta ce, "Ka ƙoshi, Musa?"

"Na ƙoshi, Inna."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta ci gaba da hura gawayinta, ta ci gaba da dafa gahawa, amma tatsuniya ta ƙare a gidanmu. In mun roƙa ta ce bakinta na ciwo. Ta rayu shekaru bayan haka, ba wanda ya taɓa ta. A kan katifarta ta cika, da kalmar shahada, aka yi mata salla aka binne ta a nan Jidda cikin Musulmi. Abin da Baba yake so ya samu.

Yanzu na haura hamsin. Na ga kame iri-iri a garin nan, na san yadda yake: in sun zo, lungu suke sharewa gaba ɗaya. Ba sa zuwa ƙofa ɗaya sai an aike su. Ban taɓa tambayar Baba ko shi ya aike su ba. Na yi jinyarsa, na zauna da shi mu biyu a ɗaki sau ba adadi, maganar na kan harshena, ban yi ba. Ba don kunya ba. Don na san in ya ce e, zai bi da tambaya, ya ce kai da me za ka yi? Ina da 'ya'ya yanzu, ina da kafili, na san nauyin katin nan a aljihu. Na bincika cikina neman wata amsa dabam, ban samu ba.

Wani lokaci ina tunanin dattijon. An sauke shi a ƙasar da ya bari yana saurayi, da silifas. Ban sani ba ko ya nemi garin wayar, ko ya tarar an yi gona a kan maƙabartar.

Ni Musulmi ne, ban yarda da abin da su Bawa suka yarda da shi ba. Amma a kan abu ɗaya ba mu da gardama: ƙasa ba ta cinye ajiya, duk abin da aka binne zai fito. Su wannan ne ya sa su guɗa, don abin da suka binne nasu ne da aka ƙwace musu. Kaka ta ba mu shi a matsayin albishir. Mu a gidanmu abin da muka binne dabam ne. Su Bawa suna ɗokin ranar. Ni kuwa in na tuna Baba zai tashi, Alhaji Sale zai tashi, Kaka na tsaye tana kallonsu, ni ma ina wurin da bakin da ya kai waƙar lungu, wallahi ba na ɗokinta.